Tambaya da Amsa: Wai me gwajin CRP yake gani a jinin yaro mai zazzaɓi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yarona ɗan shekara 4 ne yake ta zazzaɓi, likita ya sa aka yi masa wani gwaji wai CRP aka ce ya hau sosai. Dan Allah menene shi, kuma in ya hau dole bakteriya ce? Maƙwabciyata ta ce kawai in je kemis a haɗa masa antibayotik. Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Maganar kemis ɗin nan dai a ajiye ta tukuna.

CRP furotin ne da hanta take yi, amma ba haka kawai take tashi ta yi ba, saƙo ake aika mata. Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wata babba ana ce mata makrofej, aikinta haɗiye ƙwayar cuta. A bayanta akwai wani furotin, TLR4, kamar maigadi ne a bakin ƙofa, da ya taɓa rigar bakteriya irin su Salmonela mai kawo taifot shikenan cikin ƴan mintuna al'amura sun canza a ciki, a manna wa wasu furotin sinadarin fosfet su fara aiki, a rushe wani da yake riƙe da wani furotin mai ba da umarni ana ce masa NF-kB, shi kuma NF-kB ɗin ya wuce inda ƙwayoyin gado suke ya ba da umarni a fara ƙera wasu furotin masu kai saƙo, IL-6 da TNF da IL-1. Su ne suke sa ƙwaƙwalwa ta ɗaga zafin jiki, kinga zazzaɓin kenan. IL-6 kuma ya bi jini har hanta, ta fara zubo CRP. Yakan soma hawa bayan awa 6 zuwa 8, ya kai ƙololuwa wajen kwana 2, wani lokacin ya ninka har sau dubu.

Tun 1930 Tillett da Francis suka gano CRP a jinin masu nimoniya a Amurka, amma aikin TLR4 sai 1998 Bruce Beutler ya gano shi a jikin ɓeraye, har ya sami kyautar Nobel a 2011.

Yadda masu bincike suke ganin canjin nan na cikin makrofej shi ne ya fi burge ni. Za su raini makrofej a faranti a ɗakin gwaji, su raba biyu, su zuba wa kashi ɗaya bakteriya su bar ɗayan haka, sai su riƙa ɗiba lokaci bayan lokaci suna fasa ƙwayoyin, su yayyanka furotin ɗin da wani sinadari tirifsin, sannan su zuba a na'urar da take auna nauyin kowane gutsure, kwamfuta ta ce wannan na furotin kaza ne, ya ƙaru ko ya ragu ko an manna masa fosfet, dubbai a zama ɗaya. Ita ma bakteriyar fa ba zama take ba. Ta tarin fuka in an haɗiye ta sai ta saki nata furotin, PtpA, ya ɓamɓare fosfet daga furotin ɗin makrofej, jakar da aka kulle ta a ciki ta kasa haɗewa da ɗaya jakar mai sinadarin narkar da ita, ta yi zamanta cikin wadda aka turo ta kashe ta.

To amsarki, a'a, ba dole ba ne. Hanta ba ta san wa ya jawo IL-6 ba. Maleriya tana ɗaga CRP sosai, ƙuna da babban rauni ma haka, a ƙasarmu kuwa ai maleriya ce ta farko da za a duba. Shi ya sa likita zai haɗa da gwajin maleriya da ƙidayar jini, wataƙila da shukar jini a ga ko bakteriya za ta tsiro da maganin da yake kashe ta. Kar ki yi mamaki in ya ce a maimaita CRP ɗin, don in magani ya kama yana raguwa da rabi cikin kamar awa 19. In kuwa yaron ya fara jijjiga, ko numfashi da sauri, ko ya ƙi shan komai, a koma asibiti nan take kar a jira sakamako.