Bashin wuri keso biyu da kakanmu ya bari

TAMBAYA: Malam barka da war haka. Muna gyaran ɗakin kakanmu a Daura muka tsinci takardar ajami da hannunsa, wai wani bafatake maƙwabcinsa yana binsa wuri keso biyu. Jikokin mutumin suna nan unguwarmu. Wani malami yace in sayo wuri in ƙirga musu kawai. Haka ne?

AMSA: Allah ya maka albarka ɗana, wani da ya gani sai ya maida takardar cikin tukunya yayi shiru. Bashi baya mutuwa don mai shi ya mutu, wannan ba sai mun tsaya ba. Amma ka sani daga dukiyar da ya bari ake biya, ba daga aljihunka kai kaɗai ba.

Abinda baka faɗa min ba shine kalmar da ya rubuta. Rance yace ko ajiya? In ajiya ce kuma wurin yana nan a wani rumbu ko tulu, shi ɗin zaku maida ko ya zama gari. In rance ne to anan maganar take.

Keso ɗaya wuri 20,000 ne, kenan 40,000 ake binsa. Malamin naka ba daga kansa ya faɗa ba, a Muhtasar Halil, littafin fiƙihun Malikiyya, an ce in kuɗi suka daina ci a biya da irinsu, in kuma babu su sai ƙima. To amma ya riƙe rabin farko ya saki na biyu. Wurin da kakanka ya karɓa kuɗi ne, ai kalmar kuɗi ma jam'in wuri ce, dashi ake sayen gero ayi sadaki a biya haraji, tun daga tsibiran Maldib ake kwaso shi, matafiyin nan Ibn Baɗɗuɗa ya ganshi yana ci a Mali da Gao. Baturen nan Barth da ya bi ta Katsina zuwa Kano a 1851 ya tarar ana bada wuri 2,500 a dalar azurfa ɗaya. Daga baya Jamusawa suka dinga jibgo na Zanzibar har ya faɗi warwas, Turawan mulki suka hana shigo dashi a 1904. Wanda ke kasuwa yau na ado ne da na 'yan tsibbu, sunan ne kawai ɗaya, kuma ina zaka samu 40,000 a Daura ko Katsina? In ma ka samu me jikokin zasu yi da buhunan kwanso? Ni a wurina hukuncinsa na abinda babu ne, ƙima za'a biya.

A lissafin Barth dala 16 ce ta azurfa, amma kar ka ɗauki wannan, kakanka bayan faɗuwar yazo, ƙimar lokacinsa ƙasa take da haka sosai. Ka duba ko akwai shekara a takardar, ku zauna da mai sayar da azurfa ku ƙiyasta, sannan kuyi sulhu da jikokin. In sun yafe shikenan, amma duk mai gado sai ya yafe kasonsa da bakinsa, babban yaya baya yafe na ƙannensa mata.

Kuma kar ka ɗora hoton takardar a Facebook, sirrin mamaci ne. Ka fara tambayar tsofaffin gidanku, wataƙila an biya tuni ba'a yaga takardar bane. In kun tono wurin ma kar ku sayarwa masu duba. Wallahu a'alam.