Dilan da ya faɗa karofi: amsa ga 'yar uwar da za ta kai yara Indiya

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Na ga tambayarki tun shekaranjiya, hidimar gida ce ta hana ni zama in amsa. Kin ce maigida ya samu gurbin karatu a Haidarabad, za ku tafi da yara biyu, mai shekara huɗu da mai shida, makarantar da za a sa su kuma ta aiko da jadawalin shekara cike da bukukuwa da wasan kwaikwayo. Kina neman yadda za su saba da al'adun mutanen ba tare da tarbiyyarsu ta zube ba. A garin nan muka yi shekara huɗu, a unguwar Tolichowki. Ranar da muka sauka babbar 'yata tana da shekara biyar, ƙanenta yana da uku.

Wadda ta ce ki riƙa kunna musu finafinan Indiya su saba, Allah ya saka mata da alheri, amma ba zai wadatar ba. Ni ma da wannan tunanin na hau jirgi. Tunda da kallon Indiya muka tashi, gani nake na san mutanen kamar yunwar cikina. Ranar farko da na shiga kasuwa na zazzage 'yan kalmomin Hindin da na tsinta a fim, mai kayan miya ya kalle ni ya amsa da Telugu, wato harshen jihar Telangana. Musulmin tsohon gari kuma Urdu suke yi, irin nasu na Dakhni. Harsuna 22 tsarin mulkin ƙasar ya lissafa. Don haka ki fara sauke wancan hoton daga kanki.

Kuskurena na shekarar farko shi ne hana komai. Da an ce gobe akwai biki a makaranta sai in ce yau ba zuwa. To daga watan Agusta zuwa Nuwamba bukukuwan a jere suke kamar carbi: Raksha Bandhan, ranar 'yancin kai ta 15 ga Agusta, Janmashtami, bikin Ganesh, Bathukamma, Dasara, Diwali, sai ranar yara ta 14 ga Nuwamba, ranar haihuwar Nehru, firaministansu na farko. Abin da ban lura ba, ranar bikin ita ce ƙaramar magana. Sati biyu ake yi ana gwaji kafin ta zo, kuma a wurin gwajin nan ake ƙulla ƙawance. Wata rana yarinyar ta dawo ta jefar da jaka ta fashe da kuka, ta ce kowa yana da abin da zai zama a wasa, ita kaɗai ake zaunarwa kusa da takalma. A daren nan ban yi barcin kirki ba.

Maƙwabciyarmu ce ta warware min, wata dattijuwa Musulma da yaran bene duka ke kira Khala. Ta nuna min cewa su ɗaruruwan shekaru ke nan suna zaune da mutanen nan, sun san inda ake taka ƙafa da inda ake ɗagewa. Gaskiyarta kuwa. Sarki Musulmi ne, Muhammad Kuli Kutub Shah, ya kafa garin ya gina Charminar, ginin nan mai hasumiya huɗu, a 1591, kuma ƙidayar 2011 ta nuna Musulmi sun haura kashi 14 cikin ɗari na mutanen ƙasar. Ta ce kafin kowane biki in tambayi malama abu ɗaya: akwai puja a ciki ko babu? Puja ita ce bautarsu. Idan akwai, a wane lokaci ne, domin a janye yaro a daidai wannan lokacin ya dawo bayan an gama. Malaman can sun saba da wannan tambayar, ba sa jin haushinta.

Wasan da ya buɗe wa yarana ƙofa kuwa, na wani dila ne. Malamar ba ta raba takarda a haddace. Zaunar da su take yi a da'ira a kan tabarma, ta fara labari, ta tsaya a tsakiya. Yunwa ta koro dila cikin gari, karnuka suka biyo shi. Sai ta ce, ina karnukana? Yara goma suka miƙe suna haushi da rarrafe. Dila ya afka gidan marini ya faɗa cikin baba. Ta shimfiɗa shuɗin mayafi a ƙasa, yaron da ke dila ya birgima ya tashi a lulluɓe. Ta tambayi sauran, ku namun daji, kun taɓa ganin dabba mai wannan launi? Me za ku yi? Wani ya ce a gudu, wata ta ce a taɓa shi a gani. Duk ta bari aka gwada. A ƙarshe suka naɗa shi sarki, ya kori 'yan uwansa diloli don kada su tona shi, har ranar da ya jiyo kukansu daga nesa ya kasa daurewa ya amsa, asiri ya tonu. Ɗana, wanda wata uku bai ce uffan a aji ba, shi ya fi kowa ɗaga murya wajen kukan dila. A ƙofa nake tsaye na zo ɗaukarsu, sai da na juya na goge ido.

Da muka koma gida suka ce a sake. Muka sake da bahon wanki da tsohon zanena. Nan na ce musu ai ramin da dila ya faɗa sunansa karofi, kuma a Ƙofar Mata a Kano akwai su birjik, har yau ana rini. Washegari yarinyar ta je ta shaida wa aji cewa a garinsu dilan ya faɗa. Malama ta aiko a tura mata hotuna. Daga ranar ta tashi daga baƙuwar da ake taɓa wa kitso ta koma mai labari.

Labarin daga Panchatantra yake, tarin tatsuniyoyin dabbobi na tsohuwar Indiya, kuma ba baƙo ba ne a wurinmu yadda kike zato. Wannan tarin ne ya bi ta Farisa, Ibnul Muƙaffa ya mayar da shi Larabci a ƙarni na 8 da sunan Kalila wa Dimna, wanda malamanmu suka daɗe da sani. A Panchatantra akwai na biri da kada, inda biri ya ce ya manto zuciyarsa a kan bishiya, akwai na zomon da ya nuna wa zaki inuwarsa a rijiya. Yaron da ya san Gizo da Ƙoƙi ba zai sha wahalarsu ba. Ki fara da waɗannan tun kuna gida, kafin ma ku tashi. Ki bar su su zaɓi dabbar da za su zama, kada ki gyara musu idan suka karkatar da labarin.

Wani abin da suka ɗauko shi ne magana da hannu. A rawarsu ta gargajiya, irin Kuchipudi da ta samo suna daga wani ƙauye a Andhra Pradesh, kowane lanƙwasa yatsa yana da ma'ana: wannan kan barewa, wannan ɗawisu, wannan fure ya buɗe. Haka fuska, yanayi tara suke lissafawa, su fushi, tsoro, mamaki, dariya, tausayi da sauransu. Mu rawar ba mu sa su ba, amma wasan fuskar ya zama abin rage mana hanya a cikin adaidaita sahu, wanda dama daga can ake kawo mana shi. Ɗaya ya yi fuska, ɗaya ya canka.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe ido. Lokacin Dasara ana wasan labarin Rama, wanda suke bauta wa, da Ravana, sarkin nan mai kai goma da ake ƙona mutum-mutuminsa a fili. A arewacin ƙasar abin ya fi girma, Ramlila suke ce masa, ana kwana goma ana yi, a Ramnagar kusa da Baranasi ma wata guda cur. A shekararmu ta biyu wata mataimakiyar malama ta sa ɗana cikin rundunar dodanni, ta faɗa tana dariya cewa shi ba sai an shafa masa baƙi ba. Yaron bai gane ba, yayarsa ce ta gane, ta kawo min maganar. Raina ya ɓaci ƙwarai. Maigida ya ce in bari sai na huce. Da safe muka je tare, muka yi magana a tsanake, shugabar makarantar ta ba da haƙuri, muka kuma ce dama ba ma son a sa shi a wasan da ya shafi abin bautarsu. Maganar launin fata tana nan a ƙasar, kada wani ya ce miki babu. Duk wasan da za a yi, ki tambayi matsayin da aka ba ɗanki da dalilin ba shi. Haka ranar Janmashtami za a ce a yi wa yara maza shigar Krishna, wani abin bautarsu, da sarewa da gashin ɗawisu. Mu mun ce a'a, ba wanda ya tsananta.

Dabarar da ta fi yi min amfani ita ce na juya wasan kwaikwayon ya zama makamina. Yaro ɗan shekara huɗu ba ya riƙe wa'azi, amma yana riƙe abin da ya yi da jikinsa. Sai in yafa mayafi, in ɗauko faranti, in zama maƙwabciya. In ƙwanƙwasa ƙofar ɗaki, in miƙo yatsa zan ɗiga musu jan abu a goshi. Su kuma su dafa ƙirji, su yi murmushi, su ce sun gode, ba sa sawa. In miƙo alewa, su tambaya ko prasad ce, wato wadda aka fara miƙa wa abin bauta. Idan ita ce su ce sun gode, idan ta kanti ce a kwali su karɓa da hannun dama. Har gaisuwa mun gwada: can yara kan sunkuya su taɓa ƙafar babba, namu suka tsaya a kan sallama ko adab, yadda Musulmin garin ke yi. Mun maimaita har ya zama abin dariya, wani lokaci su ne maƙwabciyar ni ce yarinya. Ranar da abin ya faru da gaske a bakin lif, ko kallona yarinyar ba ta yi ba. Wannan iyakar da muka ja tamu ce, bayan mun tambayi malami. Ke ma ki zauna da maigida ku ja taku tun kafin yara su tsinci kansu a tsakiya.

Bikin da muka fi sakin jiki da shi Sankranti ne, tsakiyar Janairu, 14 ko 15 ga wata. Gari duka yana kan soro ana tashin filfilon takarda mai zare, mata sun zana ƙofar gida da farin gari, muggu suke kiran zanen. Ki kula da zaren kawai, akwai wanda ake shafa wa garin kwalba, yana yanka yatsa kamar reza. A wannan lokacin ne kuma ake Numaish, babbar kasuwar baje koli ta Nampally, daga 1 ga Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu. Ki kai su Shilparamam su ga masu sana'ar hannu. Idan kuka dace da masu wasan 'yartsanar fata da ake haskawa ta bayan farin ƙyalle, tholu bommalata, ku tsaya. Mu mun dawo mun yanka kwalin madara, muka rataya zanin gado, muka kunna tocila.

Holi, bikin watsa wa juna kala, a watan Maris ne galibi. Idan za ki bari su yi wasan kala da yaran gidanku, a cikin harabar gida kawai, da tsofaffin kaya, ki shafe su da man kwakwa tun daga kai, ki ɗaure wa mace kai tamau. Ni ban ɗaure ba, sai da muka tsefe kitso muka yi sati muna fama da ruwan hoda. Diwali kuwa kyan fitilun ba a magana, amma ƙarar abin fashewa har tsakar dare. Ƙaramin a ƙarƙashin gado ya yi ta farko. Idan akwai mai asma a cikinsu ki rufe tagogi ki ajiye maganinsa kusa.

Kada kuma ku zama masu karɓa kullum. Da azumi ya kai goma na ce yau za mu yi tashe. Na manna wa yaron gemun auduga, na ba shi sanda, yayarsa ta ɗauki gwangwani, suka bi ƙofofin benenmu suna tsoho da gemu. Kafin su kai hawa na uku yaran Hindu huɗu sun bi sahu, kowa yana neman a manna masa gemu. Khala ta yi dariya har da riƙe ciki, ta cika musu gwangwani da dabino. Da sallah muka gayyato maƙwabtan. Na yi waina, wata uwa ta leƙa kicin ta ga tanda ta ce ai su ma suna da ita, gunta ponganalu suke kiran tasu, da ƙullun shinkafa. Ashe da na sani ban yi dakon tanda daga Kano ba. Goron sallah suna ce masa idi, lalle kuma mehndi, ga shir kurma, taliyar madara da dabino da ake sha da safiyar sallah. Abu ɗaya, ki tambayi iyaye kafin ki ba ɗan kowa nama, da yawansu ko ƙwai ba sa ci. Kayan kanti masu koren ɗigo a cikin murabba'i su ne marasa nama. Kilishi da dambun naman shanu kuwa a gida za a ci, kada ya shiga kwanon makaranta.

Wajen haɗa kaya, ki saka musu ɗinkin gida kala biyu biyu, da hula da ɗankwali, domin za a yi ranar da kowane yaro zai zo da shigar garinsu ya faɗi jimla biyu a gaban iyaye. Ki ɗinka da ɗan girma. Telan unguwarmu na can na kai masa shadda ya yi wa yaron 'yar shara, ya juya ta ya sake juyawa, ƙarshe kurta, irin rigarsu ta can, ya ɗinko min.