Amsa ga ɗan'uwan da rahoton MLH1 ya ɗaure wa kai

Assalamu alaikum Dakta. Ka ce an kawo maka rahoton majinyacinka mai sankarar babban hanji, an rubuta cewa ba a ga sinadarin MLH1, mai gyara kurakuran da ke faruwa a ƙwayoyin gado, a tsokar ƙarin ba, ga iyalinsa sun tsare ka suna tambaya ko ciwon na gado ne, kana kuma neman inda likita mai aiki zai ƙaro ilimi a kan ƙwayoyin gado na ciwon daji. Da na karanta sai da gabana ya faɗi, domin na taɓa tsayawa a daidai inda kake, na kuwa yi gaggawar da har yau nake nadamarta.

Wata malamar makaranta ce mai sankarar mama, ba ta kai shekara arba'in ba, yayanta da ke ƙasar waje ya biya aka yi mata gwajin jini. Idona na sauka a kan BRCA2, ƙwayar gadon da canjinta mai illa ke ƙara haɗarin sankarar mama, ban tsaya na fahimci haruffa ukun da ke gefensa ba, wato VUS, sai na gaya mata a gaban mijinta cewa gadon ciwon ta yi, ƙannenta mata ma suna cikin haɗari. Ina iya tuna yadda ta ninke takardar huɗu ta cusa cikin jaka, hannunta na rawa, ba ta ce uffan ba. Kafin wata ya zagayo maganar ta karaɗe dangi, mutanen da suka kawo kuɗin gaisuwar ƙanwarta suka aiko a mayar musu da abinsu. Sai daga baya na gane cewa VUS na nufin canji ne da masana ba su tantance ko yana da illa ba, ba a yanke hukunci a kansa, kuma ya fi yawan fitowa a gwajin 'yan Afirka saboda akasarin bayanan da ake kwatantawa da su daga Turawa aka tattaro su. Na kira ta na ba ta haƙuri, na rubuta wa iyalin takarda da hannuna, amma auren bai ɗauru ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne babban likitan da nake ƙarƙashinsa a lokacin. Sau biyu ina roƙonsa ya sake ni in halarci taron bita a kan wannan fanni, sau biyu yana cewa wannan karatun masu kuɗi ne, in tsaya in ƙware a wuƙa tukuna. Ranar da magana ta fito kuwa, shi ne ya tsayar da ni a taron safe, a gaban ɗalibai, yana tambayata inda na yi karatu, alhali na tabbata shi ma da aka miƙa masa takardar ba zai iya fassara ta ba.

To, don Allah kada ka ce wa iyalin nan gado ne tukuna. Rashin MLH1 a tsokar ƙari ba lallai ne ya zama ciwon Lynch ba, wato larurar gado mai ƙara haɗarin sankarar babban hanji. A mafi yawan lokuta rubutun ƙwayar gadon yana nan lafiya lau, sai dai an lulluɓe mabuɗinta da sinadarin metil har ta yi shiru, kamar allon da rubutunsa bai goge ba amma aka kifa shi. Wannan shi ne efijenetik, kuma galibi a cikin ƙarin kaɗai yake faruwa, musamman ga masu shekaru. Saboda haka ake neman gwajin lulluɓin metil ɗin ko na BRAF V600E, wani canji a ƙwayar gadon ƙarin, idan an same su hankali ya fi karkata ga cewa ba gado ba ne, idan babu sai a nufi gwajin jini. Ka zauna ka zana tarihin iyalin har kakanni, ka tambayi sankarar mahaifa a wajen matan, domin tana tafiya tare da Lynch.

Batun karatu kuwa, na daina tara makin sabunta lasisin MDCN, hukumar rajistar likitoci ta Najeriya, daga tarukan da kamfanonin magani ke shiryawa a otal, inda ake sa hannu a karɓi takarda a watse. Ni da abokan aiki uku muka ware yammacin Alhamis, muna ɗaukar rahoto guda na gaske, mu duba canjin a ClinVar, mu leƙa cBioPortal, duka rumbunan bayanan ƙwayoyin gado ne na kyauta a intanet. Ka karanta aikin Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta na Ibadan, wanda a 2018 ya nuna cewa cikin matan Najeriya 1,136 masu sankarar mama, kusan kashi 15 cikin ɗari na ɗauke da canji mai illa da suka gada, yawanci a BRCA1 da BRCA2. Wa zai ga wannan adadi ya ce karatun ba namu ba ne? Ka bibiyi tarukan AORTIC, ƙungiyar bincike da horarwa kan ciwon daji ta Afirka, sannan ka kama likitan binciken tsoka na asibitinku hannu bibbiyu, su suka riga mu nisa a wannan hanya.

Kuma idan lokacin bayani ya yi, ka fara ganin majinyacin shi kaɗai, shi zai zaɓi wanda zai ji. Ka goge sunansa daga rahoton ka turo mini ta akwatin saƙo, tare da shekarunsa da ɓangaren hanjin da ƙarin yake, in sha Allah mu duba shi tare ranar Alhamis ɗin nan.