Tsakanin "ƙarfe nawa" da "minti nawa": amsoshi kan agogon matuƙa jirgin sama

Wani mai aikin fassara a Kaduna ya rubuto mini cewa an ba shi aikin yin sharhi da Hausa a kan wani agogon hannu ƙirar Breitling Avenger, irin wanda kamfanin ya ce ya ƙera shi ne da matuƙa jirgin sama a zuciya. Ga tambayarsa: "Malam, irin wannan agogo da Turawa ke kira kuronogiraf, me zan kira shi da Hausa? Sannan an siffanta shi da jure wahala, to ƙarfi zan ce yana da shi, ko ƙwari, ko ƙarko?"

Malam, kafin a raɗa wa abu suna sai an san aikinsa. Agogon da kowa ya sani yana amsa tambaya ɗaya ce, wato "ƙarfe nawa?" Shi kuwa wannan da kake magana a kai yana da ƙarin aiki, domin yana amsa "minti nawa aka ɗauka?" A gefen damansa akwai madannai biyu, ɗaya a saitin ƙarfe biyu, ɗaya a saitin ƙarfe huɗu. Idan aka danna na sama sai wani dogon hannu da ke tsaye cik a kan sha biyu ya fara zagaya, idan aka sake dannawa ya tsaya, na ƙasa kuma shi ke mayar da shi mazauninsa. Ƙananan da'irori uku da ke fuskar agogon, biyu daga cikinsu na wannan ƙidaya ne: ɗaya tana tara mintuna har 30, ɗaya tana tara awoyi har 12. Abin sha'awa shi ne Hausa ta riga ta raba waɗannan ayyuka biyu tun kafin mu san irin wannan agogo. Muna cewa "ƙarfe uku" idan muna nufin matsayin lokaci a yini, muna kuma cewa "awa uku" ko "sa'a uku" idan muna nufin tsawonsa, kuma babu Bahaushen da zai rikita su. Saboda haka shawarata ita ce ka kira shi "agogo mai awon lokaci", ko a taƙaice "agogon awo", ka ambaci kalmar kuronogiraf sau ɗaya a farkon sharhin domin wanda zai shiga kanti ya san abin da zai nema.

Na ga wasu suna fassara kalmar daga tushenta, suna cewa "marubucin lokaci", tun da a Girkanci ɓangarenta na farko lokaci yake nufi, na biyu kuma rubutu. Fassarar ba ƙarya ba ce, amma ta tsaya a shekarar 1821. A wannan shekara ce wani maƙerin agogo Bafaranshe, Nicolas Rieussec, ya gwada na'urarsa a wajen sukuwar dawaki a birnin Faris, kuma na'urar tana ɗiga tawada ne a kan faifai mai juyawa idan aka danna ta sa'ad da doki ya ƙetare layi. A lokacin rubutun na gaske ne. Yau babu tawada a cikin agogon, kuma mai karatun Hausa da ya ji "marubucin lokaci" zai ɗauka ana maganar masanin tarihi ne. Siffar da muka sani yanzu ta madannai biyu ta zo ne daga baya, kuma gidan Breitling, wanda Léon Breitling ya kafa a 1884 a ƙasar Suwizalan, yana da hannu a ciki: a 1915 suka fitar da madanni mai zaman kansa a gefen agogon hannu, a 1934 suka ƙara na biyu.

Akwai wani tarko da nake so ka kauce masa, domin a sharhin agogon awo kuskurensa babba ne. Kalmar "daƙiƙa" daga Larabci muka aro ta, kuma a can minti take nufi, amma a bakin yawancin Hausawa da gidajen rediyo ta koma tana nufin kashi ɗaya cikin sittin na minti. Wanda ya yi karatun Larabci mai zurfi zai iya fahimtar ta ta fuskar farko, ɗan boko kuma ta fuska ta biyu. Idan ka rubuta cewa kuskuren agogon ba ya wuce daƙiƙa shida a yini, wani zai ji abin yabo, wani kuma zai ji agogon banza mai ɓata minti shida kullum. Ka rubuta "sakan", ko kuma ka bayyana tun farko abin da kake nufi da daƙiƙa. Wannan adadi na shida ba da ka na kawo shi ba: hukumar COSC ta Suwizalan ba ta ba injin agogo takardar shaida sai ya zamana a matsakaicin lissafi ba ya jinkiri fiye da sakan 4 ko gaggawa fiye da sakan 6 a yini. Agogon da ya sami wannan shaida shi ake kira kuronomita, kuma kalmar dabam take da kuronogiraf ko da yake sun yi kama a kunne. Ta farko shaidar daidaito ce, ta biyu sunan aiki. Agogon da ke hannunka ya haɗa duka biyun.

Sai batun ƙarfi da ƙwari da ƙarko. Ƙarfi na mai yi ne, wato wanda yake ɗauka ko turawa ko bugu, shi ya sa muke cewa ƙarfin doki ko ƙarfin inji. Ƙwari na jikin abu ne a halin da yake ciki yanzu, kamar ginin da aka ce yana da ƙwari saboda ba ya girgiza. Ƙarko kuwa sai zamani ya shaida shi, domin shi ne daɗewar abu ana amfani da shi bai lalace ba. Daga nan za ka ga cewa agogon da aka ba ka na mako biyu ba ka da ikon cewa yana da ƙarko, sai dai ka ce yana da ƙwari, ka kuma kawo hujja: gidansa na baƙin ƙarfe marar tsatsa mai faɗin milimita 44, gilashinsa na safaya wanda ba ya karcewa da sauƙi, an kuma yi shi ya jure matsin ruwa na zurfin mita 300. Kana iya ƙarawa da cewa ana sa ran zai yi ƙarko. Masu talla sukan haɗiye wannan bambanci, amma bai kamata mai sharhi ya bi su ba.

Wata malamar makaranta daga Maraɗi ta tambaya ko "agogo" asalin Hausa ce, da kuma dalilin da ya sa ake yi masa kirari da "sarkin aiki". Malama, kalmar baƙuwa ce da ta zama 'yar gida. Daga Yarabanci ta zo, inda take nufin ƙararrawar ƙarfe da ake bugawa, kuma wannan ya yi daidai da yadda muke cewa "ƙarfe biyu", wato bugu biyu a kan ƙarfen da ake ratayewa a bariki ko makaranta domin sanar da lokaci. Kalmar ta yi tafiya mai nisa ta wata hanyar kuma, domin a ƙasar Birazil har yau akwai abin kiɗa na ƙarfe mai wannan suna, wanda ya bi bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma. Ina ambaton Birazil ne saboda mutumin da ake dangantawa da farkon agogon matuƙa ɗan can ne, matuƙin jirgin sama Alberto Santos-Dumont, wanda ya koka wa abokinsa Louis Cartier, mai sana'ar kayan ado da agogo a Faris, cewa ba ya iya ciro agogon aljihu alhali hannayensa biyu suna kan tuƙi, shi kuwa ya yi masa na ɗaurawa a hannu a 1904. Kirarin "sarkin aiki" kuma ba ya buƙatar dogon bayani, domin kowane ma'aikaci yana tashi daga aiki, agogo ne kaɗai ake kwana a bar shi yana yi. Mun ma faɗaɗa kalmar har ta kai ga lokacin ƙasa, kamar yadda ake ji a rediyo ana cewa "ƙarfe bakwai agogon Nijeriya da Nijar".

Haka "jirgi" da "matuƙi" suka faɗaɗa. Asalinsu na ruwa ne, na kwalekwale da mai tuƙa shi, sai aka ɗora su a kan jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911, sannan a kan jiragen sama uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a Kano a watan Nuwamba na 1925. Matuƙan wancan zamani da taswira da kamfas da agogo suke gane inda suke. Idan jirgi yana cin kilomita 240 a awa, to kilomita 4 ke nan a minti, kuma wanda ya danna agogonsa a kan wani kogi ya san bayan minti 15 ya yi kilomita 60 daga wurin. A nan ne awon lokaci ya zama batun rai da mutuwa, kuma daga nan aka gaji manyan lambobi masu haske a duhu da madannai masu kauri da za a iya dannawa da safar hannu.

Tambaya ta ƙarshe daga wani matashi ce a Zariya, wanda ya ji ana cewa "kwalliya ta biya kuɗin sabulu", yana so ya san ko za a iya faɗin haka a kan agogo mai tsada irin wannan. Ɗana, ma'anar karin maganar ita ce abin da aka samu ya kai abin da aka kashe, kamar wadda ta sayi sabulu ta yi wanka ta yi ado, adon kuma ya jawo mata abin da take nema. Ka lura cewa karin maganar ba ta auna tsadar sabulun, tana auna biyan bukata ne, don haka amsar ta dogara ga abin da mai saye ya je nema. Idan daidaiton lokaci kawai yake so, kwalliya ba ta biya ba, domin agogon batir mai araha yakan yi wata guda bai kauce da abin da ya wuce 'yan sakanni ba, abin da agogo marar batir, irin wanda ake yi wa wani, ba ya iyawa komai kyansa, kuma matuƙin yau yana da na'urorin tauraron ɗan'adam a gabansa. Idan kuwa abin da yake so shi ne inji marar batir wanda motsin hannu ke yi masa wani, wanda zai ajiye shi ranar Juma'a da yamma ya ɗauka da safiyar Litinin ya tarar yana tafiya saboda yana riƙe wani na kimanin awa 70, to yana iya cewa ta biya, muddin ya sa kuɗin kai shi wurin gwanin gyara bayan 'yan shekaru a cikin lissafin sabulun.

Akwai wata karin maganar da ta fi dacewa da mai shirin saye, ita ce "cinikin biri a sama", wato biyan kuɗin abin da bai zo hannu ba. Agogo mai faɗin milimita 44 da kauri irin na wannan yakan yi wa siririn hannu yawa, yakan kuma maƙale a bakin hannun kaftani mai maɓalli, kuma hoto ba ya nuna ko ɗaya daga cikin biyun. Shi ma mai fassarar Kaduna zai kyauta idan ya faɗa wa masu karatunsa kaurin hannun da ya gwada agogon a kai.