Kulle gari yana maganin annoba kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. A 2020 an killace Yamai saboda korona, kayan albasarmu suka ruɓe a buhu. Shin kulle yana da amfani kuwa? Daga wani manomi a Tawa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya mayar da alheri. Kulle ba ya kashe ƙwayar cuta, yana dai rage cuɗanya, domin kada marasa lafiya su yi wa asibitoci yawa lokaci guda. Shi ya sa, bayan an samu mutum na farko a Yamai ranar 19 ga Maris 2020, gwamnatin Mahamadou Issoufou ta sanya dokar hana fita da dare, aka rufe makarantu da masallatai, har zuwa watan Mayu da aka buɗe wuraren ibada.

Amma a ganina, kullen da ba a haɗa shi da tallafin abinci ba zalunci ne ga wanda sai ya fita da safe ake ɗora tukunya a gidansa. Kuma ba kowace annoba yake yi wa aiki ba: kwalara tana bukatar tsaftataccen ruwan sha, sanƙarau da ƙyanda kuwa allurar rigakafi.