Rumfar Tumatir Za Ta Koma Gidan Tsuntsaye? Amsoshin Wasiƙunku

Wasiƙar da ta fi tsayi wannan karon daga Kwadon ta fito, a kan hanyar Dadin Kowa. Ga abin da mai ita ya rubuto a taƙaice: "Malam, ina da rumfar leda, girinhawus ɗin nan mai mita 8 a faɗi, 24 a tsawo. Shekara huɗu ina tumatir da tattasai a cikinta, har tsutsar sharon da ciwon saiwa suka kore ni. Ledar ta fara yagewa, amma ƙarfen yana nan lafiya lau. Yara sun matsa in zuba musu kanari da ƙananan tsuntsayen nan da ake kira zebra, ni ma kuma ina da sha'awa. Na yi magana da mai tsuntsaye, sati mai zuwa zai kawo. Me zan gyara?"

Alhaji, ka kira mai tsuntsayen nan yau ka ce masa ya dakata. Ba a fafe gora ranar tafiya. Rumfar za ta yi, ƙarfenta ma ya rage maka rabin aiki, amma yadda take a yanzu duk abin da ka zuba a ciki gawarsa za ka kwashe.

Ka tuna don me aka yi ta. An lulluɓe ta da leda ne don ta kama zafi ta riƙe. A Gombe, watan Maris da Afrilu, zafin waje kansa yana kai digiri 40, ka kuwa san yadda cikin rumfar yake da ƙarfe biyun rana, tunda kai ma ba ka iya daɗewa a ciki. Tsuntsu ba ya gumi. In zafi ya yi masa yawa sai ka ga ya buɗe baki yana haki, ya saki fukafukai, daga nan sai faɗuwa. Ɗan zebra bai kai nauyin ƙwallon goro babba ba, jikinsa ba shi da inda zai ajiye ruwa. Gaskiya ne asalinsa daga busassun yankunan Ostareliya yake, amma a can yana da inuwar da zai gudu ya shiga, a cikin leda kuwa babu. Don haka ledar nan gaba ɗaya za ta sauka. Kashi ɗaya cikin uku na rufin ka yi masa jinka ta ciyawa, ko kwano da zana a ƙarƙashinsa, sauran ka sa waya ka shimfiɗa ragar inuwa a sama. Gefen gabas da na arewa ka tare su da zana ko asabari, domin ta nan iskar hunturu ke busowa, hadarin damina ma galibi ta gabas yake tasowa. Sanyin asubar Disamba da Janairu yana kashe 'yan tsaki a sheƙa idan iska na ratsa su kai tsaye. Idan ka gama, ka rataya ma'aunin zafi a inda tsuntsayen za su riƙa sauka, ka duba shi kullum bayan azahar har mako guda. In yana wuce 35 a inuwa, da sauran aiki.

Wannan shi ne mai sauƙin. Abin da ya fi damuna shi ne maganin da ka zuba a wurin nan shekara huɗu.

Ba ka faɗa mini abin da ka fesa ba, amma na sani. Duk wanda ya yi tumatir tun daga 2016, shekarar da sharon, tsutsar nan mai cin ganyen tumatir da 'ya'yansa, ta cinye gonaki har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, ya san yadda muka koma. Feshi sau biyu a mako, wani lokaci a haɗa kwalba uku a tanki ɗaya saboda mai shago ya ce haka ya fi ƙarfi. Tsutsar tana cikin ganye tana cin abinta, maganin bai kai gare ta ba, kuɗi ya tafi, guba kuma ta zauna a ƙasa da jikin ƙarfe da igiyoyin da aka ɗaure tumatir da su. A fili, ruwan sama da rana suna wanke wani abu. A ƙarƙashin leda ruwan sama bai taɓa sauka ba. Sannan ka ambaci ciwon saiwa, kuma na san abin da aka saba ba manomi idan saiwar tumatir ta yi ƙulu-ƙulu: Furadan, ko wani mai irin sinadarinsa, a barbaɗa a gindin shuka. Wannan magani ƙwayoyi ne ƙanana masu kama da tsaba, tsuntsu kuwa aikinsa ke nan tsintar tsaba a ƙasa. Ƙwaya ɗaya tak ta isa ta kashe ƙaramin tsuntsu. Saboda yawan tsuntsayen da ya hallaka ne Amurka ta fara janye mai ƙwayoyin daga gonaki tun 1991, mu kuma muna barbaɗa shi da hannu ba ko safar hannu.

Mutane suna ganin kamar abin da bai kashe kaza ba, ba zai kashe kanari ba. Ba haka ba ne. Numfashin tsuntsu ya fi namu zuƙar abin da ke cikin iska, ƙaramin tsuntsu kuma ya fi kowa. Masu haƙar kwal a Ingila da kanari suke shiga rami a keji, in ya fara layi sun san iskar ta ɓaci sai su gudu, kuma ba su daina haka ba sai 1986. Tsuntsun da ake auna guba da shi ke nan kake shirin sakawa inda aka yi shekara huɗu ana feshi.

Ga yadda za ka yi. Ka kwashe ƙasar sama, zurfin taku ɗaya, ka kai ta nesa da inda kaji ke tono. Igiyoyi, tsofaffin buhunan shuka, robar ban-ruwa ta ɗigo, duk su fita, domin ta cikin robar nan ka riƙa tura taki da magani. Ragar ƙwari ta gefe ma ka cire ta: ta sha feshi, tana hana iska wucewa, ɓera yana huda ta cikin dare ɗaya, farcen tsuntsu kuma yana maƙalewa a jikinta. Ƙarfen a wanke shi da ruwan zafi da sabulu da buroshi, sau biyu. Daga nan ka bar wurin a buɗe damina guda ta dake shi. Na san yara za su yi ƙorafi, ka saya musu keji ɗaya a rataya a tsakar gida kafin lokacin.

Kuma don Allah, kai da duk mai karanta wannan, tankin feshi na goyo ba ya zama abin yayyafa wa tsuntsaye ruwa, ko an wanke shi sau goma. Na taɓa zuwa wani gida inda mutumin kirki, don tausayi, ya ɗauki tankin feshinsa ya cika da ruwan rijiya ya fesa wa tsuntsayensa saboda zafi. Kafin magariba ƙasan kejin ya cika da gawa. Ya rantse mini ya ɗauraye tankin, na kuma yarda da shi. Haka masu yanka tsohuwar robar maganin ciyawa su yi mazubin ruwa da ita. Na gaji da faɗar wannan, amma duk shekara sai na sake gani.

Sai maganar waya. Kada ka sayi wayar kaji, ramukanta sun yi faɗi, ɗan zebra zai zura kai ya maƙale, ɓera da ƙaramin maciji kuma su shige abinsu. Nemi mai ramin da bai wuce rabin inci ba, in aljihu zai ɗauka ma mai kwata ta fi, don ita ce ke tare 'yan ƙananan ɓeraye. Sabuwar waya tana zuwa da wani farin gari a jikinta mai cutar da tsuntsu idan ya lasa, a goge ta da ruwan tsami da buroshi kafin a kafa. Ƙasan kuwa daɓen siminti ya fi, ka zuba yashin rafi a kai ka riƙa canzawa. In ba za ka yi siminti ba, wayar ta nutse cikin ƙasa taku ɗaya da rabi kewaye da wurin, saboda gafiya da ɓera ta ƙasa suke zuwa, maciji kuma ɓera yake bi. Ƙofa biyu za ka yi, da ɗan zaure a tsakaninsu, a rufe ta waje kafin a buɗe ta ciki. Gidan da ke da yara, wannan ba abin sakaci ba ne.

Shawarata ta ƙarshe gare ka, kada ka mai da mita 24 ɗin nan duka gidan tsuntsaye. Kuɗin waya kaɗai zai sa ka tsaya a rabin hanya. Yanki mita 3 ko 4 daga ƙarshe ɗaya ya ishi tsuntsaye masu yawa su yi shawagi. Ka fara da kamar maza huɗu da mata huɗu. Zebra tana saka ƙwai 4 zuwa 6, ta ƙyanƙyashe cikin mako biyu, 'ya'yan su bar sheƙa bayan kamar mako uku. Kafin shekara ta zagayo kai ne za ka riƙa neman wanda za ka ba.

Wata Hajiya daga Bauchi ta tambaya ko za ta iya barin 'yan tumatir da barkono a cikin gidan tsuntsayen don kada wurin ya zauna haka nan. A'a, Hajiya. Ganyen tumatir ba abincinsu ba ne, kuma ranar da ƙwari suka kama shukar hannunki zai kai ga magani. Ki shuka zogale, ki bar kyasuwa da harƙiya su fito su yi kai, za su ci tsabar su kuma yi sheƙa da ciyawar. Tumfafiya, zurma, bini-da-zugu da zaƙami kada ko ɗaya ya tsiro a wurin.

Wani matashi daga Azare ya ce abincin gwangwani da ake kawowa daga waje ya fi ƙarfinsa. Ɗana, wa ya ce sai shi? Abin da ke cikin gwangwanin nan yawancinsa dangin gero ne. Ka haɗa gero da acca, wadda ake nomawa nan kudancin Bauchi wajen Tafawa Ɓalewa da Bogoro, ƙanƙantar tsabarta daidai bakinsu take. Ka ɗan barbaɗa riɗi kaɗan, ban da yawa saboda mai. Ganyen zogale ko alayyahu a wanke a rataya musu. Lokacin da suke ciyar da 'ya'ya, dafaffen ƙwai a murmushe, a ɗauke ragowar bayan awa biyu kafin ya lalace, ko ka fasa musu ɗan gidan gara. Ɓawon ƙwai a gasa a daka, mace mai saka tana buƙatarsa ƙwarai. Abu ɗaya ka kiyaye: in ka je kasuwar Muda Lawal ta Bauchi ko ta Tudun Hatsi a Gombe awo, ka tambayi mai hatsin ko an sa masa magani a buhu, ka kuma shanshana da kanka. Irin shuka mai launin ja ko shuɗi da aka cuɗa da Apron Star ko makamancinsa, ko kyauta aka ba ka kada ya je kusa da su. Geron da ya yi fumfuna ma a zubar.

Daga Kumo an tambaya ko za a iya haɗa su da tantabaru da 'yan kaji a rumfa ɗaya. Ba a haɗawa. Tun da aka fara tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a ƙasar nan a Jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006 muke roƙon mutane su raba kiwo. Sabon tsuntsu daga kasuwa ma kejinsa daban har kwana 30. In ka ga suna mutuwa biyu-biyu uku-uku ba dalili, kada ka jefar a bola, ka kira likitan dabbobi na ƙaramar hukumarku, su suka san yadda ake aika samfur cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, a Jihar Filato.

Wani kuma daga Billiri ya ce kanarinsa ya daina kuka, yana ta susa, da rana kuma ya duba jikinsa bai ga komai ba. Ba za ka gani da rana ba, Malam. Akwai wata 'yar ƙuma ja da ke ɓuya a tsagar katako da cikin sheƙa, sai dare ta fito ta sha jini ta koma. Ka rufe kejin da farin ƙyalle da daddare, da asuba ka duba ƙyallen, za ka ga jajayen ɗigo suna motsi. Ka fitar da tsuntsun, ka ƙone tsohuwar sheƙar, ka kwarara tafasasshen ruwa a duk wata tsaga, ka shanya kejin a rana, ka shafa man basilin a bakin sandunan da yake sauka. Bayan mako ɗaya ka maimaita, saboda ƙwayayen da suka rage za su ƙyanƙyashe. Akwai maganin ɗigo da ake sa wa a bayan wuya, amma likita ne zai auna maka, domin abin da ake ɗiga wa kaza ya yi wa kanari yawa. Ka ce maƙwabcinka ya ba ka shawarar ka fesa Sniper ko ota-fiya-fiya a ɗakin. Kada ka kuskura, ko da tsuntsun yana waje lokacin feshin.

Mai tambaya ko ya halatta a tsare tsuntsu a keji, wannan fagen malamai ne, amma hadisin ƙanen Anas ɗan Malik, Abu Umair, da ɗan tsuntsunsa sananne ne, haka ma na matar da ta tsare kyanwa ba ci ba sha. Ka tambayi limaminku ya yi maka bayani.

Yaron da ya rubuto daga Dadin Kowa cewa yana kama jan-baki a gonar shinkafa zai zuba a keji: ba sa sabo da keji, kuma idan jirgi ya yi feshinsu a yankinku kada ka tsinci waɗanda suka faɗo, balle a kai su tukunya. Wasiƙun da suka shafi farar ƙuda a gonar kuɓewa sun taru da yawa, su za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah ya kai mu.