Kafin ka rabu da tayoyin ranfilat, lissafin wa ke hannunka?

Tambaya: Ina da ƙaramar mota ƙirar Mini wadda nake kai wa abokan cinikina ƙananan kayan lantarki da ita. Ta zo da tayoyin ranfilat, irin waɗanda ke ci gaba da tafiya ko da sun yi faci. Yanzu na gaba biyu sun suɗe, na baya kuwa da sauransu. Ɗan baffana da ke sayar da tayoyi ya ce in rabu da ranfilat, domin kuɗinsu ya ɗara na tayoyin gama-gari da kusan rabi, ba sa jimawa, kuma ba a yi musu faci. Ya ce in sa na gama-gari biyu a gaba yanzu, ko kuma in canza duka huɗun ya karɓi tsofaffin ya rage mini wani abu. Ya ce rarar da zan riƙa samu za ta iya zama mafarin kuɗin mota ta biyu. Shin in canza?

Amsa: Malam, kafin mu taɓa taya ko ɗaya, ina so ka sake karanta wasiƙarka ka nuna mini lamba guda da ta fito daga littafin lissafinka. Ba ka faɗi kilomita nawa tayoyin gaban suka yi kafin su suɗe ba, ba ka faɗi sau nawa ka yi faci a bara ba, ba ka kuma faɗi nawa kake rasawa idan motar ta yini a tsaye ba. Duk abin da ka kawo daga bakin ɗan baffanka ya fito. Wannan shi ne kuskurenka, kuma ya fi zaɓin taya girma, domin ka miƙa lissafin kasuwancinka ga mutumin da zai ci riba idan ka saya, ya sake cin wata idan ka bar masa tsofaffin, sannan nauyin zumunci ya hana ka yi masa tambayoyin da za ka yi wa baƙo ba tare da kunya ba. Ban ce yana cutarka ba. Mai sayarwa, ko da mai gaskiya ne, lissafinsa yana ƙarewa ne a lokacin da ka biya kuɗi, naka kuwa a lokacin yake farawa.

Akwai gaskiya a cikin maganarsa. Ranfilat ta fi tsada, ta fi nauyi, kuma saboda kaurin robar da aka ƙarfafa gefenta da ita, motar tana jijjiga a kan gargada fiye da yadda za ta yi da tayar gama-gari. Haka kuma yawancin masu ƙera ta ba sa yarda a yi mata faci bayan an yi tafiya a kanta babu iska, domin ɓarnar da zafi ya yi wa cikin gefenta ba ta nunawa daga waje. Maganar cewa ba ta jimawa kuwa, littafinka ne kaɗai zai iya raba gardamar, domin ƙarewar taya tana bin nauyin kaya, da irin hanya, da yawan iskar da ake ba ta, da daidaiton ƙafafun motar. A mota irin taka, wadda injinta ke jan ƙafafun gaba, tayoyin gaba ne ke fara suɗewa kowace iri aka sa, saboda haka suɗewarsu kaɗai ba hujja ba ce a kan ranfilat.

Abin da bai gaya maka ba shi ne, wannan ƙarin kuɗin da kake biya kuɗin safaya ne. An yi ranfilat ne don ta kai ka kimanin kilomita 80 bayan iskarta ta fita, muddin gudunka bai wuce kilomita 80 a awa ba, kuma saboda wannan ne kamfanin bai ba ka safaya ba, wataƙila ma bai ba ka jak ba, wasu nau'o'in Mini ma ba a yi musu ramin ajiye safaya a ƙarƙashin but ba. Je ka ɗaga shimfiɗar but ɗinka ka duba da idonka. Ranar da ka cire ranfilat, ka cire abin da ke tsakaninka da kwana a gefen hanya, kuma dole ka sayi madadinsa: wili da tayarsa, da jak, da sifanar kwance ƙafa.

To, mu yi lissafin da ya kamata ka yi kafin ka rubuto mini. Ba na buƙatar sanin farashin, kwatance ya isa. Mu ƙaddara tayar gama-gari 100 ce, ranfilat kuma 150, kamar yadda ɗan baffanka ya faɗa. Abin da motarka ke buƙata a yau tayoyi biyu ne, wato 300 idan ka tsaya a kan ranfilat. Idan ka canza yadda ya kamata, za ka sayi huɗu a kan 400, ka ƙara, mu ce, 150 na safaya da kayanta, ya zama 550. Ka ga canjin da aka kawo maka da sunan sauƙi ya fi tsada a yau da 250, sai fa abin da ka samu daga sayar da tsofaffin biyu. Rara ba ta fara shigowa sai a canji na gaba, inda za ka biya 400 maimakon 600. Idan muka ɗauka tayoyin suna kai ka kilomita 40,000, kai kuma kana yin 20,000 a shekara, to rarar taka kuɗin taya ɗaya ce a kowace shekara. Da wannan ne za a sayi mota ta biyu? Na gaji da jin irin wannan mafarki, inda ake ɗaukar ɗan ragin da aka samu a kuɗin gyara a mayar da shi jari a baki. Mota ta biyu tana fitowa ne daga ƙaruwar ciniki, kuma wanda bai san abin da ta farko ke ci a kowane kilomita ba bai shirya riƙe biyu ba.

Shawarar sa na gama-gari biyu a gaba a bar ranfilat a baya kuwa, kada ka saurare ta. Gefen ɗaya yana lanƙwasawa, na ɗayar kuma a sandare yake, saboda haka gaba da bayan motar ba za su amsa sitiyari iri ɗaya ba a lokacin da ka taka birki da ƙarfi ko ka kauce wa wani abu a kan kwana, kuma masu ƙera tayoyi da motoci suna hana wannan gamin gambiza. Ta fuskar kuɗi ma asara ce, domin da zarar taya ɗaya a motar ta zama gama-gari, buƙatar safaya ta hau kanka, ga kuma jijjigar da kake gudu tana nan a baya.

Na taɓa ba wani ɗan kasuwa shawara bayan aikin gama ya gama. Ya canza zuwa tayoyin gama-gari, ya ga kuɗin safaya ya yi masa yawa, sai ya sayi kwalbar ruwan toshe faci da ɗan famfon lantarki, ya zuba sauran kuɗin a kaya yana murna. Watanni suka shuɗe lafiya, har daren da ya faɗa rami da kayan wani babban abokin cinikinsa a cikin mota, gefen tayar ya tsage. Ruwan toshe faci yana aiki ne a kan ɗan hujin ƙusa a fuskar taya, wanda bai wuce 'yan milimita kaɗan ba, don haka yana ɗurawa ruwan yana tsiyaya a ƙasa. Kuɗin janwe kaɗai ya cinye rarar da ya yi alfahari da ita, kayan suka isa washegari, mai kayan kuma bai yi faɗa ba, sai dai daga ranar bai sake kiransa ba. Da na tambaye shi nawa wannan mutum yake kawo masa a wata, sai ya fara ƙirga da yatsu, domin shi ma ba ya rubutawa.

Akwai kuma kuɗin da ba a biyansa a kanta, wato wurin da safayar za ta cinye. But ɗin Mini mai ƙofa uku tsakanin lita 150 ne da 211 gwargwadon shekarar ƙira, taya mai lamba 195/55 R16 kuwa, wadda ake yawan gani a irin waɗannan motoci, faɗin da'irarta ya kai kusan santimita 62. Ga mai yawon shaƙatawa wannan ba komai ba ne, amma kai but ɗinka shi ne shagonka. Ɗauki kwali ka yanka shi daidai wannan faɗin, ka shimfiɗa a but, ka loda kayan da ka saba ɗauka a ranar da ciniki ya fi yawa. Idan sai ka yi sawu biyu a inda kake yin ɗaya, to kuɗin mai da lokaci sun shiga lissafin. Siririyar safaya ta wucin gadi tana rage matsalar, amma ita ma ba a wuce kilomita 80 a awa da ita, kuma tana son iska mai yawa, wajen bar 4.2 a ma'aunin iskar taya, wadda yawancin mutane ba sa dubawa sai ranar da suka ciro ta suka tarar ta sace.

Duk da haka, hukuncina shi ne canjin yana da ma'ana ga motar da ke aiki kullum, musamman idan hanyoyinka na cikin gari ne inda mai faci ba ya nisa. Ribar gaskiya tana cikin faci: ƙusar da za ta sa ka jefar da ranfilat mai sauran rai, a tayar gama-gari gyara ne na ɗan lokaci da kuɗi kaɗan, kuma samun lambar tayarka a kowane shago ya fi sauƙi. Idan kuwa kana yawan tafiyar dare a doguwar hanya kai kaɗai, ko kuma faci sau ɗaya kake yi a shekara biyu, ka sayi ranfilat biyu ka ci gaba da harkarka. Wanne ne kai a cikin biyun? Amsar tana cikin littafin da ba ka buɗe ba tukuna, kuma buɗe shi ba ya buƙatar komai sai shafi ɗaya: kwanan wata, lambar kilomita da ke kan dashbod, abin da aka yi wa motar, abin da aka biya, da awowin da ta yi a tsaye. Rasidan da ke cikin aljihun motar za su ba ka rabin tarihin shekarar da ta wuce.

Idan ka yanke shawarar canzawa, ka canza huɗun a rana ɗaya, kuma kada lambobin sababbin su gaza na tsofaffin. A taya mai 87V, lambar 87 tana nufin kowace taya tana ɗaukar kilo 545, harafin V kuma gudun kilomita 240 a awa, kuma mai ɗaukar kaya ba ya sauka ƙasa da lambar nauyin da kamfani ya sa don neman araha. Wilinka na yanzu zai karɓi tayar gama-gari. Na'urar da ke gargaɗin raguwar iska ita ma tana ci gaba da aiki, sai dai a sake saita ta bayan canji, kuma idan irin wadda ke maƙale a jikin bawul ce, ka tsaya a kan mai cire tayar don kada ya fasa ta. Ka sanar da kamfanin inshorarka a rubuce, idan kuma motar ta haya ce ko tana ƙarƙashin garanti, ka karanta yarjejeniyar tukuna, domin wasu suna sharɗanta a mayar da mota da irin tayoyin da ta zo da su.

Saura tsofaffin biyu na baya, kuma a nan ne nake so ka buɗe ido sosai. Sabuwar taya zurfin zanenta wajen milimita 7 zuwa 8 ne, iyakar da doka ta sa a Turai da ƙasashe da yawa kuwa 1.6. Auna naka. Idan sun haura 5 kuma ba a taɓa tafiya a kansu babu iska ba, kaya ne masu daraja, domin duk mai mota irin taka da ya fasa ɗaya yana neman irinsu. "Zan rage maka wani abu" ba farashi ba ne. Ka nemi ya faɗi kuɗin sababbin daban, kuɗin da zai sayi tsofaffin daban, ka kai lambobin biyu shaguna biyu da ba su san ka ba ka ji nasu.

Na san wani mai motocin haya da ya shekara da shekaru yana karɓar tayoyi daga hannun surukinsa ba rasidi, yana mamakin yadda suke tsattsagewa tun zanensu bai ƙare ba. Sai da ya fara rubutawa ya koyi karanta lambobi huɗun ƙarshe da ke bin haruffan DOT a gefen taya, inda biyun farko ke nuna mako, biyun ƙarshe kuma shekarar ƙira, ta yadda 2319 ke nufin mako na 23 na shekarar 2019. Ashe tayoyin da ake kawo masa a matsayin sababbi sun daɗe a ajiye, kuma surukin ma bai sani ba, haka yake saro su. Saboda haka ranar da ka je wurin ɗan baffanka, ka durƙusa ka karanta wannan lamba a kan kowace taya kafin a ɗaura ta, ka sa a rubuta ta a rasidi tare da girma da lambar nauyi. Idan farashinsa ya yi daidai da na waje, ka saya a wurinsa, shi ya fi cancanta da cinikinka.